Fashin baƙi kan baƙin mai: mai kauri ko mai ruwa-ruwa, kuma yaushe ake juye?

Wane baƙin mai ya dace da mota a ƙasa mai zafi irin tamu, mai kaurin nan da makanikai suka saba zubawa, ko mai ruwa-ruwan da aka rubuta lambarsa a kan murfin inji? Juye kuma fa, duk wata ake yin sa, ko duk wata uku, ko sai an ga man ya yi baƙi ƙirin?

Gardamar tsohuwa ce, amma ta sake tashi tun 2023, shekarar da aka cire tallafin fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayu, aka kuma sakar wa naira mara a kasuwar canji cikin watan Yuni. Galan ɗin baƙin mai ya bi sahun sauran kaya ya yi tashin gwauron zabi. Mutumin da a da zai jefa wa bakanike makulli ya ce "a yi mata sabis" ya wuce harkarsa, yau sai ya tsaya ya tambayi kuɗin mai, ya tambayi kuɗin filta, sannan ya tambayi ko za a iya ɗaga juyen zuwa ƙarshen watan gobe.

Ka tsaya a gareji, a Ƙofar Ruwa ne a Kano, ko Fanteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, amsar kusan ɗaya ce: "Alhaji, wannan 5W-30 ɗin man Turawa ne, don ƙanƙara aka yi shi. A zafin nan namu ruwa yake komawa. Bari a sa mata mai kauri, za ka ji yadda injin zai kwanta." Ka koma gida kuma ɗanka mai bin shafukan motoci a waya ya tare ka: "Baba, kada ka yarda. Abin da kamfani ya rubuta shi za a sa, 20W-50 kashe inji yake yi." Kowannensu ya riƙo gaskiya ta wani gefe. Sai dai a ganina abin da ya fi kai injuna ƙasa a wurinmu ba ya ma cikin abin da suke jayayya a kai: jabun mai ne, da barin mai ya ƙone a inji ba a duba ba, da lissafin juye da bai dace da irin tuƙin mutum ba.

Me baƙin mai yake yi a cikin inji?

Sunan ma yana ruɗarwa. Sabon mai ba baƙi ba ne, launin zuma gare shi. Mun raɗa masa suna ne da kamannin da yake fitowa da su bayan ya gama bauta.

Aikinsa na farko shi ne raba ƙarfe da ƙarfe. A tafiya ta yau da kullum karanshaf, wato babban sandar ƙarfen da fistin ke juyawa a cikin inji, yana juyawa sau 2,000 zuwa 3,000 a minti ɗaya, kuma ba a kan metal ɗinsa, wato ƙarafan da ke tallafe da shi, yake kwance ba, a kan wata siririyar shimfiɗar mai yake yawo wadda ba ta kai kaurin silin gashi ba. Ranar da shimfiɗar nan ta yanke, ranar ake cewa inji ya buga. Bayan wannan, mai yana kwashe zafi daga ƙarƙashin fistin inda ruwan lagireto ba ya kaiwa, yana toshe 'yar kafar da ke tsakanin ringi da bangon silinda, yana kuma goye da toka da dauɗa a jikinsa don kada su zauna. A motocin da aka ƙera daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa yau an ƙara masa wani aikin: ƙarfinsa ne yake tura na'urar da ke sauya lokacin buɗewar bawul, wadda Toyota ke kira VVT-i, Honda kuma i-VTEC.

Abin da ke cikin galan kashi biyu ne. Akwai uwar mai, wato gundarin man da aka tace, wanda ya ɗauki kusan kashi huɗu cikin biyar. Ragowar sinadarai ne: mai wanke dauɗa, mai hana ta dunƙulewa, mai kashe kaifin asid, mai hana tsatsa, mai hana kumfa, da mai rufe fuskar ƙarfe inda matsi ya yi yawa. Sinadaran nan cinyewa suke yi kamar sabulu. Dalilin juye ke nan. Man da maganinsa ya ƙare yana iya kasancewa da santsinsa, amma ya daina tsare inji.

Fassarar lambobin da ke jikin galan

Lambobi irin su 5W-30 da 20W-50 ma'auni ne na ƙungiyar injiniyoyin motoci da ake kira SAE. Kauri kawai suke nunawa, ba inganci ba. Kowane mai yana yin kauri in ya ji sanyi, ya tsinke in ya ji wuta, kamar yadda man ja ke daskarewa da hunturu ya narke a tukunya. Shi ya sa lambobin suka zama biyu.

Ta farko, mai harafin W da aka ɗauko daga sunan lokacin sanyi a Turanci, tana faɗin yadda mai ke gudu yayin da inji yake a sanyaye. Ana gwada 5W a digiri 30 ƙasa da sifili, 20W kuma a digiri 15 ƙasa da sifili. Ta biyu ita ce kaurinsa a digiri 100, wato zafin da yake aiki a ciki. A ma'aunin da ake kira santistok, mai lamba 30 yana tsakanin 9.3 da 12.5, mai lamba 40 daga nan zuwa 16.3, mai lamba 50 kuma zuwa 21.9.

Ke nan 5W-30 da 10W-30 ajin kaurinsu ɗaya da zarar inji ya ɗau zafi. Wanda ya ce 5W na ƙanƙara ne ya karanta rabin lamba ya bar rabi. Gaskiya ne ba mu da sanyin da zai hana 20W gudu, ko da asubar hunturu a Jos. Amma ƙanƙantar lambar W ba ta cutar da kowa a ƙasar zafi, sai ma ta sa man ya yi saurin isa saman inji a daƙiƙun farko bayan an murɗa makulli, lokacin da ƙarfe ya fi cin ƙarfe.

Ga wani lissafi ga masu gwada mai da yatsa. A digiri 40, wato zafin ranar bazara, 5W-30 yana wajen santistok 60. Shi kuwa 20W-50, idan yana cikin inji mai zafi, yana wajen 18 zuwa 19. Man da bakanike ya murza a yatsa ya yatsine fuska ya ce kunu salala ne, a daidai lokacin da yake murzawar ya ninka kaurin man da yake yabo sau uku, in aka auna shi inda yake aikinsa. Yatsa ba ya jin abin da inji ke ji.

Zafin gari daban, zafin inji daban

A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, wannan ba a musu. Amma inji ba da zafin gari yake aiki ba, da nasa yake aiki. Akwai wani ɗan bawul a hanyar ruwa, tamostat, da yake a rufe har sai ruwan ya kai digiri 80 zuwa 90, sannan ya buɗe ya bar shi ya zaga lagireto. Don haka motar da ke Mosko da wadda ke Sakkwato, in duk sun yi tafiyar rabin awa, ruwansu kusan zafi ɗaya ne, man cikinsu kuma yana wajen digiri 90 zuwa 110. Rana da lodi da esi suna ƙara wa man wasu digirori, amma ba su mayar da shi ruwa. Kada kuma a manta, 'yan Kwatanon da muke saye da yawansu a Amurka suka yi ƙuruciyarsu, wasunsu sun shekara goma suna shan 5W-20 a jihar Arizona, inda zafin bazara ke wuce digiri 43.

To daga ina makanikanmu suka samo karatun mai kauri? Daga motocin da suka koyi aiki a kansu. Fijo 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, da 505, da tsofaffin Marsandi, injuna ne masu kafireto, masu faɗin tazara tsakanin ƙarafa, kuma 20W-50 da ire-irensa su ne man zamaninsu. Ogan da ya ƙware a kan Fijo ya koya wa yaransa, yaran suka buɗe nasu garejin, motoci suka sauya, karatu bai sauya ba.

Injin yau a matse yake. Hanyoyin da mai ke bi zuwa na'urar VVT-i sirara ne, da 'yar rariya a bakinsu. Mai kauri yana jinkirin wucewa, na'urar ta yi nawa, sarƙar taimin ta yi ƙara da safe kafin mai ya iso wa abin da ke ɗaure ta, wani lokaci fitilar cek ta kama, fetur kuma ya ƙaru, domin inji yana kashe ƙarfinsa wajen dama man. Ba a rana ɗaya yake mutuwa ba, kuma a nan ɗan Alhaji ya zuzuta: akwai Corolla birjik da suka shekara suna shan 20W-50 kuma suna kan titi. Shirun da inji ke yi in an zuba masa mai kauri shi ma gaskiya ne, sai dai shirun bargo ne da aka lulluɓa wa ƙara, ba shaidar lafiya ba ne.

Bakanike yana da hujja a wurare uku, kuma ya kamata a ba shi haƙƙinsa. A 1975 Amurka ta kafa dokar da ta tilasta wa kamfanonin mota rage shan fetur, kuma tsinkakken mai na cikin dabarun cika wannan sharaɗi. Shi ya sa za ka ga inji ɗaya, a littafin Amurka an rubuta masa 5W-20 kawai, a littafin Ostireliya ko ƙasashen Larabawa kuma an jera masa lambobi da dama a zaɓa gwargwadon yanayi. Na biyu, injin da ya ci kilomita 300,000 tazarar ƙarafansa ta buɗe, tsinkakken mai yana zurarewa da wuri, ƙarfin famfo ya faɗi in mota na tsaye da zafi. Na uku, motar haya da aka danƙara wa fasinja da buhuna daga Kano zuwa Maiduguri da tsakar bazara ba ɗaya take da motar kai yara makaranta ba.

Abin da nake gani shi ne a fara daga lambar da ke kan murfi ko cikin littafin mota. In injin ya tsufa, ko ya fara shan mai, ko aikin ƙarfi yake yi, hawa mataki ɗaya ba laifi ba ne: daga 20 zuwa 30, ko daga 30 zuwa 40. Tsalle daga 0W-20 zuwa 20W-50 shi ne ba shi da madafa. Mai tsohuwar Golf ko Fijo kuwa ya ci gaba da 15W-40 ko 20W-50 ɗinsa, ba shi da abin nema a wurin tsinkakken mai.

Tunda an ambaci tamostat, akwai wata ɗabi'a da ta fi kuskuren lamba illa. Da zarar 'yar Kwatano ta iso, wasu makanikai sai su cire tamostat, su haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa daga tayarwa har kashewa, wai don kada mota ta yi zafi. Daga nan inji ba ya kai zafin aikinsa sai da ƙyar. Ƙwaƙwalwar mota ta ɗauka har yanzu sanyi ake, sai ta ci gaba da ƙara fetur. Wanda bai ƙone ba ya zurara ta gefen ringi ya gauraye da mai, tururin ruwan da ƙuna ke haifarwa kuma bai sami zafin da zai kore shi ba. Fetur da ruwa da toka in suka zauna cikin mai, abin da suke haifarwa shi ne baƙar lakar nan mai kama da kwalta da ake tararwa in an buɗe saman inji. Sai a ɗora laifin a kan "man Turawa".

Haruffan da ba a karantawa

A bayan galan akwai haruffa biyu da ke bin kalmar API, wato cibiyar man fetur ta Amurka. Su ne ajin inganci, su ne kuma ba a dubawa. Na injin fetur da S suke farawa, na dizal da C. Harafi na biyu yana hawa da zamani: SL ya fito a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP a 2020. A injin fetur sabo yana maye gurbin tsoho, tsoho ba ya maye gurbin sabo. Ita cibiyar da kanta ta ce SF bai dace da injin da aka ƙera bayan 1988 ba, amma har gobe za ka ga galan mai SF a teburin mai kaya, ana zuba shi a motar 2010. Motocin Jamus kuma suna da nasu lambobin amincewa, irin su MB 229.5 na Marsandi da VW 502 00 na Volkswagen, kuma su ba sa yafe wa wanda ya yi biris da su.

Sai batun sintetik da minaral. Bambancin yana cikin uwar mai. Minaral tacewa ce ta al'ada, ƙwayoyinsa manya da ƙanana a gauraye. Sintetik an sarrafa shi har ƙwayoyin suka daidaita, shi ya sa ya fi jure wuta, ya fi jinkirin ƙonewa da yin laka. Kalmar dai ta ɗan yi sako-sako tun 1999, bayan da Mobil ta kai ƙorafin Castrol gaban hukumar sa ido kan tallace-tallace a Amurka, aka yanke cewa man da aka tace da matsanancin matsin iskar haidurojin shi ma ana iya kiran sa sintetik. Yawancin na kasuwa yau irin wannan ne, kuma mai kyau ne.

Maganar cewa wanda ya fara sintetik ba ya komawa minaral, ko ba a haɗa su, ba ta da tushe. Suna gaurayuwa lafiya lau. In kana kan hanya geji, wato tsinken da ake zarowa daga inji a ga yawan mai, ya nuna mai ya yi ƙasa, duk sahihin man da ka samu ya fi tafiya a haka. Abu ɗaya: man mota ba na babur ba ne. Kulocin yawancin babura cikin mai yake, sinadarin ƙara santsi na man mota yana sa shi zamewa. Mai babur ya nemi galan mai alamar JASO MA.

Juye: da wata ake ƙirgawa ko da tafiya?

"Duk wata" ba ma'auni ba ne. Ɗauki ma'aikacin da ke yin kilomita 20 a rana tsakanin gida da ofis: a wata ya yi 600, man da zai zubar ko gumi bai yi ba. Ɗauki direban haya mai je-ka-dawo tsakanin Kano da Kaduna, wajen kilomita 230 kowane zuwa: cikin kwana 11 ya cinye kilomita 5,000. Na farko yana zubar da kuɗi, na biyu yana zubar da inji, kuma shawara ɗaya aka ba su.

Ita 5,000 ɗin da ake yawan faɗa ta samo asali ne daga tsohuwar ƙa'idar Amurkawa ta mil 3,000, wato kusan kilomita 4,800, tun zamanin kafireto da man da bai kai na yau ba. Yanzu Toyota a Amurka tana ba motocinta masu shan sintetik 0W-20 mil 10,000 ko wata 12, kusan kilomita 16,000. Wannan ce lambar da 'yan waya ke kafa hujja da ita. Abin da ba su karanta ba shi ne shafi na gaba, inda aka raba lambar biyu, mil 5,000 ko wata 6, ga motar da ke bin hanya mai ƙura, ko take daɗewa a kunne a tsaye, ko take tafiyar hawainiya irin ta tasi, ko take ɗaukar kaya masu nauyi. Karanta jerin nan ka gaya mini in ba hoton titunanmu aka ɗauka ba.

Ƙura ita ce ta farko. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska na kwaso ta daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ga ta titunan unguwa da ba kwalta. Garin yashi ce, in ta tsallake filtar iska ta shiga mai sai ya koma kamar sanfefa. Filtar iskar da ake ta busawa da kwamfireso shekara da shekaru, ko wadda bakinta bai zauna daidai ba, ta fi mai mara kyau saurin cinye ringi.

Ta biyu ita ce farar wutar da ke cikin fetur da dizal, wadda in ta ƙone take zama asid, ta cinye maganin da ke cikin mai. Turai ta taƙaita ta zuwa kashi 10 cikin miliyan tun 2009. Najeriya ta daɗe a kan 1,000 a fetur da 3,000 a dizal, sai a 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da 50. Abubuwa sun gyaru a kan da, amma wanda ke shan man bumburutu a jarka bai san abin da yake zubawa ba.

Ta uku ita ce wadda mita ba ta ƙirgawa. Inji awoyi yake ji, ba kilomita ba. Motar da ke tafiyar kilomita 80 a awa a babbar hanya tana gama 5,000 cikin awa 63. Wadda ke jan jiki a cunkoson cikin gari da matsakaicin gudun kilomita 20 sai ta yi awa 250 kafin ta cika wannan lambar, ban da zaman jiran madam a bakin kasuwa da esi a kunne. Kamfanin Ford yana lissafa wa motocin 'yan sanda kowace awa ɗaya a kunne a tsaye a matsayin tafiyar mil 33, kusan kilomita 53. Ga kuma gajerun tafiye-tafiye, daga gida zuwa masallaci, zuwa shago, a kashe kafin man ya yi zafin da zai kori ruwa da fetur. Abin mamaki, motar hajiya da ba ta zuwa ko'ina man cikinta na iya riga na direban Kaduna lalacewa in aka auna da kilomita. Shi ya sa ake haɗa sharaɗin tafiya da na wata, duk wanda ya riga cika.

Akwai wani tarko da mutane da yawa ke faɗawa. Motar da ta fito daga Amurka da mil take ƙirgawa. In bakanike ya duba mita ya ƙara 5,000 ya rubuta a takarda ya liƙa, kai kana zaton kilomita 5,000 za ka yi, alhali 8,000 ne. In minaral aka zuba, an wuce gona da iri.

Wasu motocin, kamar Honda daga tsakiyar shekarun 2000, suna nuna kason ran da ya rage wa mai. Lissafi ne da ƙwaƙwalwar mota ke yi daga juyawar inji da zafinsa. Ba ta ɗanɗana man, ba ta san ko jabu ne ba, ba ta kuma ganin ƙura. Ka ɗauke ta a matsayin iyakar ƙarshe.

In za a tambaye ni lamba, ga irin tuƙin da yawancinmu ke yi: sahihin minaral kada ya wuce kilomita 5,000, sahihin sintetik 7,000 zuwa 8,000, kowannensu kuma kada ya wuce wata 6 a inji ko da motar ba ta yi tafiyar ba. Filtar mai a sauya ta a kowane juye. Tsohuwar filta in ta toshe akwai ƙofar da ke buɗewa a cikinta mai ya wuce ba tacewa, ba kuma fitilar da za ta sanar da kai.

Launi da geji

Baƙin launi ba hukunci ba ne. Man da ya yi duhu dauɗa ya ɗauko, aikinsa ke nan, na injin dizal ma cikin 'yan kwanaki yake baƙi. Motocin da aka mayar masu shan iskar gas ta CNG man cikinsu yana daɗewa garau, amma zafi na cin maganinsa kamar kowane, don haka kyan launi ba dalilin ɗaga juye ba ne. Launin da ya kamata ya tayar da hankali shi ne na shayi da madara: ruwan lagireto ne ya shiga mai, galibi gaskit ya ƙone.

Geji ya fi launi muhimmanci nesa ba kusa ba. Toyota da kanta ta amsa cewa injin 2.4 na Camry ƙirar 2007 zuwa 2009, wadda ake kira Masul a kasuwanninmu, yana shan mai saboda matsalar fistin da ringi, ta kuma sa ma'aunin gyara a kan kusan lita ɗaya cikin mil 1,200. Injin da ke ɗaukar lita 4 da 'yan kai, in yana shan haka, kafin ranar juye ta zo kaskonsa ya kusa bushewa, ko da man ya fi kowane tsada. A zaro geji duk mako, da safe, mota na kan shimfiɗaɗɗen wuri. Tsakanin alamomin biyu kusan lita ɗaya ce. Kada kuma a cika ya haura ta sama don kawai kada ragowar galan ta tafi a banza, karanshaf zai riƙa dukan man ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta riƙe ƙarfe. Jar fitilar nan mai siffar buta ba tunatarwar juye ba ce. Cewa take ƙarfin mai ya faɗi, a gangara gefe a kashe nan take.

Jabu

Matatar Kaduna, da aka buɗe a 1980, ita ce aka gina wa sashen tace uwar mai, kuma ya daɗe da tsayawa. Kamfanonin da ke haɗa baƙin mai a Legas da Kano da Ilori daga waje suke shigo da uwar man da sinadaran, da dala. Duk lokacin da dala ta tashi, kasuwar jabu ta buɗe.

Jabun iri-iri ne. Akwai tsurar uwar mai da ake aunawa a kwalabe a bakin titi, garau da ita, ga santsi, amma ba ƙwayar magani a ciki. Akwai tsohon mai da aka tace aka gyara masa launi. Akwai kuma mai araha da aka ɗura a galan ɗin mai tsada aka liƙe baki. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya tana kai samame lokaci-lokaci, amma kasuwar ta fi ƙarfin samame. Na ukun shi ne ya fi haɗari ga mai bin shawarar waya, domin sintetik mai tsada shi ya fi riba a kwaikwaya. Mutum ya biya kuɗin 5W-30 sintetik, ya natsu zai yi kilomita 8,000, alhali abin da ke cikin injinsa ko 2,000 ba zai kai ba. Sahihin minaral ɗan gida da aka juye a kan kari ya fi wannan sau goma, ko da lambarsa ta ɗara abin da aka rubuta a murfi da mataki ɗaya.

Ka sayi mai da kanka, a gidan man kamfanin ko wurin dilan da aka sani. Ka duba hatimin murfi, in akwai lambar kankarewa ka kankare ka tura. Farashin da ya faɗo ƙasa da na ko'ina abin tuhuma ne, araha ba ta ado. Ka tsaya a buɗe galan a gabanka a zuba. Kwalbar nan mai danƙo kamar zuma da ake cewa a ƙara don inji ya yi ƙarfi, da wanke cikin inji da kananzir ko dizal, duk a bar su: na farko ɓata haɗin da kamfani ya auna yake yi, na biyu kuma yana ɓamɓaro laka ta je ta toshe rariyar famfo.

Tsohon man da aka juye kada a zubar da shi a kwata ko kusa da rijiya, kada kuma a shafa wa dabba a miki kamar yadda wasu ke yi, domin gwaje-gwaje sun nuna yana haddasa kansar fata a jikin dabbobi. Galan ɗin da ya ƙare kuma, kafin ka bar gareji ka sa a huda gindinsa ko a yanka shi biyu. Akwai masu zagaya garejoji suna sayen fankon galan mai lafiyayyen tambari, kuma ba ruwan alwala za su zuba a ciki ba.